Hoton Dogara a Titin Ikwerre

Malam Gimba mahauci ne da ya ajiye wuƙa. Shekararsa saba'in da shida, kuma a unguwar Diobu ta Fatakwal aka yanke masa cibiya, cikin wani gida mai ɗaki huɗu a bayan Mile 2. Hausawan Fatakwal sun san in gardama ta tashi kan wani abu da ya taɓa faruwa a titin Ikwerre, wurinsa ake zuwa a raba ta. Shi ya sa lokacin da wata ƙungiyar mazauna unguwanni ta yi niyyar kafa allunan tarihi a bakin titin bayan an gama gyaransa, aka turo masa matar da aka ɗora wa aikin.

Sunanta Madam Oroma, 'yar ƙabilar Ikwerre ce, tsohuwar malamar makaranta. Ta zo ranar wata Talata da safe, da lema a hannu da waya mai ɗaukar magana. Ta ce so take ya bi ta su bi titin tun daga farkonsa, yana nuna mata wurare. Malam Gimba ya ji daɗi har ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a. Ɗansa Usaini, wanda ya gaji sana'ar yake da teburin nama a Rumuokoro, ya ba da aron motarsa. Autarsa Zuliha, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, ita ta ja motar, don gwiwoyin tsohon ba su yarda ya yi nisa shi kaɗai ba.

Daga Mile 1 suka tashi. Motoci sun cushe, 'yan kwandasta na ta ƙwala kiran Mile 3 da Rumuokoro. Malam Gimba ya sauke gilashi.

"Da ba titin Ikwerre muke ce masa ba," in ji shi. "Hanyar Owerri muke cewa. Kwalta ce siririya, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta sauka kan jar ƙasa. Mahaifina Dogara, Allah ya jiƙansa, daga jirgin ƙasa yake sauke shanu. Sai ya koro su a ƙafa, tun kafin rana ta yi zafi, ta nan inda bas-bas ɗin nan suke tsaye."

Yana magana da Hausa, in ya ga Madam Oroma ta ɗaga gira sai ya juya zuwa Pidgin, ya maimaita mata dalla-dalla. A Mile 2 ya nuna mata wani shagon sayar da taya, ya ce nan ne asalin masallacinsu, na langa-langa, wanda in ana ruwa ba a jin karatun liman. A Mile 3 ya sa Zuliha ta tsaya.

"Nan ƙarshen gari ne a lokacin. In ka wuce nan sai itatuwan kwakwar manja da gonakin rogo. Akwai wata fadama can inda gidan man nan yake, nan shanu ke shan ruwa su huta. Mata na fitowa da ƙwarya suna jiran a tatsar musu nono in akwai saniya a ciki."

Suka wuce Mile 4, suka wuce Rumuokwuta da Rumuigbo. Duk inda suka zo yana da abin faɗa: inda wata motar katako ta taɓa kifewa da albasa, inda aka fara raba titin gida biyu, inda ruwa ke cika hanya har yara su yi iyo. Da suka iso Rumuokoro suka hau gadar sama, ya leƙa ƙasa ya ga kasuwa da tasha da mutane kamar tururuwa, ya girgiza kai.

"Ƙauye ne fa nan. Mahaɗa ce kawai da 'yan rumfuna. Ni da idona na ga barewa ta tsallaka hanya a nan."

Madam Oroma ta tambaye shi ko sun taɓa barin garin. Ya ce sun fita shekarar da aka yi gudu, kafin yaƙin basasa, yana ɗan shekara ashirin. Ta wannan titin suka bi, a bayan babbar mota, kowa da ƙullin kayansa. Mahaifinsa ya bar mabuɗin gida da wani akwatin ƙarfe a hannun maƙwabcinsu, wani kafinta mai suna Wobo. Bayan shekara huɗu suka dawo, suka tarar rufin gidan ya tafi, amma Wobo ya fito musu da akwatin daga ƙarƙashin gadonsa, ko kwaɗon bai taɓa ba.

Da suka koma gida Malam Gimba ya buɗe wannan akwatin. Ya fito da wani hoto baƙi da fari, gefensa ya ci, naɗe cikin tsumma. Wani dogon mutum ne da sanda a kafaɗa, tsaye a gaban shanu bakwai, a bayansa ga siririyar kwalta da itatuwan kwakwar manja.

"Shi ne Dogara, a Mile 3. Wani baƙo mai hoto, ɗan ƙabilar Saro, ya ɗauke shi. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya."

Madam Oroma ta roƙa a ba ta aro na mako ɗaya a kwafa. Zuliha ta so ta ce a ɗauka da waya kawai, amma mahaifinta ya riga ya miƙa.

"Amana ce," ya ce wa Madam Oroma.

"Na ji, Baba," ta amsa da 'yar Hausar da ta iya.

Mako ɗaya ya zama wata biyu. Duk sanda Zuliha ta buga waya sai a ce hoton na wurin masu buga allo.

Saura kwana uku a yi bikin buɗe allunan, Zuliha ta taso daga aiki da azahar, ta sauka a Mile 3 za ta canja mota. Ta hangi ma'aikata suna ɗaure wani babban allo a jikin ƙarafa kusa da tasha. Ba su kai ga lulluɓe shi ba. Kakanta ne a jiki, an faɗaɗa hoton har ya fi mutum tsawo. Ta ji wani daɗi ya kama ta, ta ratsa tsakanin motoci ta matsa kusa don ta karanta rubutun Turancin da ke ƙasa.

Rubutun ya ce wannan Alhaji Bappa ne, wanda ya fara kawo shanu ta wannan titi, mahaifin Alhaji Sharfuddeen, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Arewa na yankin. A ƙasa an jera labarin fadamar da shanu ke shan ruwa, da matan da ke jiran nono, kalma da kalma yadda Malam Gimba ya faɗa a mota. An ce Alhaji Sharfuddeen ne ya ba da labarin, kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa.

Zuliha ta karanta sau uku. Alhaji Sharfuddeen ba baƙo ba ne a wurinta. Kowa ya san daga kasuwar Ose Okwodu ta Anacha ya gangaro Fatakwal da motocin albasa, shekara talatin ma ba a cika ba. Makon da ya iso, a zauren gidan su Zuliha ya kwana. Mahaifinsa kuwa manomi ne a can Arewa, sau ɗaya ya taɓa zuwa garin, neman maganin ido.

Ba ta je gida ba. Ta wuce kai tsaye ofishin ƙungiyar masu allunan, wani ɗaki a saman bene. Madam Oroma na ganinta ta miƙe, fuskarta ta nuna ta san abin da ya kawo ta.

"Madam, wa ya sa wancan sunan?" Zuliha ta tambaya da Pidgin, ko gaisuwa babu.

Madam Oroma ta jawo mata kujera, Zuliha ta ƙi zama. Matar ta yi bayani murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita sunan Dogara ta rubuta. Kwamiti ne ya ce a kai wa shugaban 'yan Arewa rubutun ya duba, kada a yi kuskuren rubuta sunayen Hausa. Da takardar ta dawo sai ta ga an soke an sake. Ta yi magana a taro, shugaban kwamiti ya ce mata Alhaji ne ya ɗauki nauyin allunan gaba ɗaya, kuma Hausawa sun fi kowa sanin iyayensu, ta bar su su daidaita a tsakaninsu.

"Kin zauna a mota da babana awa huɗu," in ji Zuliha. "Muryarsa na cikin wayarki. Kin ce amana. To ina hoton?"

Madam Oroma ta sunkuyar da kai. Ta ce an sa shi a firam mai gilashi, irin na ratayewa a bango. Ranar biki za a miƙa wa Alhaji shi a gaban jama'a, a matsayin kyautar girmamawa.

Zuliha ta yi wata dariya mai ɗaci. "Za a ba shi kyautar kakana."

Da ta isa gida ta faɗa wa mahaifinta. Yana zaune a kan tabarma yana murza carbi, sai ta ga hannun ya tsaya. Daga baya ya ce ta kira Usaini, gobe da safe su raka shi wurin Alhaji.

Ofishin Alhaji Sharfuddeen na bayan kasuwar albasa, da na'urar sanyaya ɗaki da manyan kujeru. Ya taso da fara'a, ya rusuna ya gaida tsohon, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo lemo. Malam Gimba ya amsa gaisuwar duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Alhaji, na ji an sa sunan mahaifinka a hoton mahaifina. Na zo in ji ko kuskure ne."

Alhaji ya gyara zama, ya yi murmushi. "Baba Gimba, ai da ma ina shirin zuwa in same ka. Ka san halin da muke ciki a garin nan. Ana gina sabuwar kasuwa, za a raba rumfuna. In na zauna da masu garin nan, abu na farko da suke jefa mini shi ne jiya na zo. To in suka ga mahaifina a allo, bakinsu ya mutu. Dogara ko Bappa, ai duk Bahaushe ne. Ba don ni ba, wallahi ko hoton akuyarmu ba za a sa a titin nan ba."

"To me ya hana ka ce musu ga Dogara, ga ɗansa da rai, ga jikokinsa?"

"Baba, kai ne za ka je ka zauna da su? Ni nake zama. Amfanin kowa ne." Ya waiwayi Usaini. "Har da mai teburi a Rumuokoro. Ai wurin nan naku za a tashe shi, ka sani ko?"

Usaini ya dubi ƙasa.

Zuliha ta kasa haƙuri. "Alhaji, a zauren gidanmu ka kwana da ka zo garin nan. Uwata ce ta dafa maka tuwo. Yau kai ne za ka tsaya ka ce..."

"Zuliha," mahaifinta ya katse ta. Ya juya ga Alhaji. "In rigata ka aiko a karɓa, zan ba ka. Amma ubana kake so in ba ka aro? Ka sa a gyara kafin Asabar, kuma a dawo mini da hotona."

"An riga an buga, Baba. Bayan biki sai mu duba." Ya miƙe, alamar zama ya ƙare. "Zan sa a kawo maka rago gida."

"Kada a kawo," in ji Malam Gimba. "Na yanka raguna sun ishe ni."

A mota rigima ta tashi tsakanin wa da ƙanwa. Usaini ya ce a bar maganar. Ya ce allo ne kawai, rana da ruwa za su cinye shi cikin shekara biyu, shi kuwa 'ya'ya shida gare shi, kuma sunan da ke jikin allo ba ya sa tukunya a wuta.

"Yaya Usaini, ko kunya ba ka ji?" in ji Zuliha. "Wuƙar da kake yanka da ita ta wa ce?"

"Ke albashi kike ɗauka, shi ya sa bakinki ke da ƙarfi."

Malam Gimba bai sa musu baki ba. Da suka iso ƙofar gida ya ce wa Zuliha ta wanke masa babbar riga ta goge.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfuna a Mile 3, gefen tasha. An yi yayyafi da safe, ƙasa ta jiƙe. Manyan baƙi na gaba a kan kujeru masu laushi: dattawan unguwannin Ikwerre da hulunansu, 'yan kwamiti, da Alhaji Sharfuddeen cikin farar shadda. Malam Gimba da Zuliha sun sami kujerun roba a layi na takwas, inda ruwan rumfa ke ɗiga. Usaini bai shigo ba, ya tsaya can bayan motoci.

Wani fasto ya yi addu'a, Liman Abdulhafiz na masallacin Mile 2 ya yi tasa. Aka yi jawabai. Aka yaye ƙyallen da ke kan allon, aka yi tafi. Mai gabatarwa ya karanta labarin fadama da shanu, mutane na gyaɗa kai. Sannan aka kira Alhaji Sharfuddeen ya fito ya karɓi hoton mahaifinsa.

Malam Gimba ya dogara sandarsa ya miƙe. A hankali ya taka tsakanin kujeru, Zuliha na riƙe da gwiwar hannunsa. Wani mai tsaro ya taso zai tare su, ya dubi furfurar tsohon, ya ja da baya. Lokacin da suka isa gaba, firam ɗin na hannun Alhaji, masu hoto sun ɗaga kyamarori.

Malam Gimba ya yi sallama. Ya gaida dattawan da harshensu, ɗaya bayan ɗaya, har wasu suka amsa da mamaki. Sannan ya nuna allon da sandarsa, ya ce da Pidgin, da ƙarfin da Zuliha ba ta san yana da sauransa ba: "Dis man na my papa," wato wannan mutumin ubana ne.

Shugaban kwamiti ya matso yana cewa Baba ya zauna, za a yi magana daga baya. Malam Gimba ya ce ba zai ɗauki lokaci ba. Abu ɗaya yake roƙo: a buɗe bayan firam ɗin, akwai rubutu a bayan hoton, a ba liman ya karanta wa jama'a.

"Baba Gimba, wannan ba wurinsa ba ne," Alhaji ya faɗa da Hausa, ƙasa-ƙasa, murmushin na nan a fuskarsa.

"Kai ka zaɓi wurin, Alhaji."

Wani dattijo daga cikin 'yan Ikwerre ya ɗaga hannu ya ce a buɗe mana, me ake ɓoyewa. Madam Oroma ce ta taso daga kujerarta, ta zare firam ɗin daga hannun Alhaji, ta sa mabuɗin motarta ta ɓanɓare ƙusoshin. Ta fito da hoton ta juya shi. Rubutun ajami ne da tawadar da ta koɗe, wanda duk 'yan kwamitin suka ɗauka addu'a ce.

Liman Abdulhafiz ya karɓa. Kowa a wurin ya san Alhaji ne ya yi wa masallacinsa rufi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon rubutun, ya dubi Alhaji, ya dubi Malam Gimba. Zuliha ta ji kamar ta fizge takardar. Daga ƙarshe ya jawo makirufo ya karanta.

"Ni Dogara ɗan Auta, da shanun da na sauke daga jirgi, a Mile 3." Ya ɗan tsaya. "Akwai wani layi a ƙasa, da wata tawada dabam. Na bar wannan a hannun maƙwabcina Wobo kafinta ranar da muka fita. In ban dawo ba a ba ɗana Gimba."

Madam Oroma ta fassara da Turanci. Dattijon nan da ya ce a buɗe ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce ya san Wobo kafinta na Mile 2, shi ya yi wa uwarsa ƙofa. Surutu ya ɓarke. Daga baya wata mata mai sayar da kifi ta ƙwala, "Oga, so na lie!" wato ashe ƙarya ce. Mutane suka fashe da dariya.

Zuliha ta zuba wa Alhaji Sharfuddeen ido tana jiran ta ga ya rasa inda zai sa kansa. Ba haka aka yi ba. Ya karɓi makirufo cikin natsuwa, ya ce alhamdu lillahi da Allah ya kawo Baba Gimba ya gyara wannan kuskure na sakatarensa, wanda ya haɗa takardu biyu wuri ɗaya. Ya ce Dogara uba ne ga duk ɗan Arewa da ke garin nan, don haka shi ma ubansa ne. Ya karɓi hoton daga hannun liman, ya rusuna har ƙasa, ya miƙa wa Malam Gimba da hannu biyu. Kyamarori suka yi ta walƙiya. Aka yi tafi, har da wasu da suka gama dariya yanzu.

Washegari hoton ya zagaya wayoyin mutane, da rubutu a ƙasa cewa Alhaji Sharfuddeen ya karrama wani dattijo a bikin titin Ikwerre. Zuliha ta yi ta rubuta amsa a ƙarƙashi tana bayyana abin da ya faru, har aka cire ta daga zauren hirar waya na matan unguwa, aka ce tana raba kan jama'a.

Malam Gimba ya naɗe hotonsa cikin tsumma ya kulle. An goge masa wani gefe wurin sa shi a firam, kan saniya ɗaya ya tafi. Bai yi maganar ba. Amma ya daina zuwa taron ƙungiyar 'yan kasuwar Arewa, kuma in Alhaji ya gaishe shi a masallaci, amsawa yake a taƙaice ya wuce.

Sai da Madam Oroma ta yi barazanar sakin muryar da ta ɗauka a gidan rediyo kafin aka gyara allon, bayan mako biyar. An liƙa wani sabon rubutu a kan tsohon. An rubuta Dogora maimakon Dogara. A ƙasa kuma, da haruffan da suka ninka sunan girma, an ƙara cewa Alhaji Sharfuddeen ne ya ɗauki nauyin wannan allo. Madam Oroma ta ajiye aikin kwamitin a makon.

Da aka tashi masu tebura daga bakin titi a Rumuokoro, aka kafe sunayen waɗanda suka sami rumfa a sabuwar kasuwa. Mahauta goma sha tara ne a layin su Usaini. Sha takwas sun samu. Usaini ya je ofishin Alhaji sau huɗu, kullum a ce masa Alhaji ya fita. Daga ƙarshe ya ɗauki teburinsa ya yi gaba, can Rukpokwu, inda titin ya fara fita daga gari, ya kafa a gefen wata mai gasa ayaba. Wata guda bai taka gidan mahaifinsa ba, kuma ba ya ɗaukar wayar Zuliha.

Wata Lahadi da la'asar ta hau bas ta je ta same shi. Ƙudaje sun fi masu saye yawa. Ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ta ce a yanka mata na miya. Yana yanka tana tsaye, ta ce ta ji an yi zaɓen ƙungiya jiya.

"An yi," in ji Usaini.

"Wa ya ci?"

"Wa kike zato? Ba wanda ya tsaya da shi."

"Duk waɗanda suka ga abin da ya faru a Mile 3 da idonsu? Liman fa? Su Malam Aslam da suka zo gida suna cewa Baba ya wanke musu zuciya?"

"Kowa ya ɗaga hannu."

"Kowa?"

Usaini ya zuba naman a leda ya ƙulle, ya miƙa mata. Sai a lokacin ya dube ta.

"Har da ni. An ce akwai rabon rumfuna na biyu bayan Sallah."

Zuliha ta tsaya da ledar a hannu. Maganganu suka cika mata baki, ta dubi teburin, ta dubi naman da ya fara baƙi tun na safe, ta haɗiye su. Ta ce ya gaida matarsa da yara. Ta tsallaka titi ta tari bas mai zuwa Mile 2.

A Rumuokoro suka tarar da cunkoso, suka yi kusan awa ba su motsa ba. Matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko lafiya, don ta ga tana ta huci ita kaɗai. Zuliha ta ce lafiya lau. Da ta isa gida mahaifinta ya tambaye ta yadda ta baro Usaini, ta ce yana nan ƙalau, kasuwa ta fara kama shi. Ta shige kicin ta ɗora tukunya, ta yi ta daka tattasai da ƙarfin da ya sa maƙwabciya leƙowa ta katanga.